DUTSE DA SORO: Sharhi a Kan Kayan Tarihin Birnin Kudu da Gwaram

Matafiyin da ya tashi daga Kano ya bi hanyar Maiduguri, in ya haye gadar Wudil ya ci gaba har ya cika kimanin mil 80 daga birni, zai ga ƙasa ta soma sauya kama. Shimfiɗaɗɗen fili yana raguwa, duwatsu suna tasowa curi-curi, wani bisa wani kamar tukwanen jere. To, ya iso Birnin Kudu ke nan. In ya ratse ya nufi kudu maso gabas sai ya faɗa ƙasar Gwaram, wadda Jihar Bauci ta yi wa ƙawanya ta kudu da gabas. Garuruwan nan biyu a da gundumomi ne na Masarautar Kano, suna kuma cikin Jihar Kano har zuwa 1991 da aka yanke Jihar Jigawa. Yanzu ƙananan hukumomi ne a ƙarƙashin Masarautar Dutse.

Manufar wannan sharhi ita ce a duba abin da masana da hukuma suka ɗauka a matsayin kayan tarihi a wannan yanki, da abin da suka tsallake. Ra'ayina, tun kafin a yi nisa, shi ne an tsare dutse an bar soro. Watau an killace abin da ba mai kwana a cikinsa, an kau da kai daga gari da gidajen da mutane suka gina da hannunsu, alhali kuwa a can ne mafi yawan tarihin yake, a can ne kuma harshen da ke ɗauke da shi yake.

Bari mu fara da dutsen, don shi ya fitar da sunan Birnin Kudu duniya. A cikin kogwanni da ƙarƙashin rumfunan duwatsun da ke kewaye da garin, musamman Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai zane-zanen da mutanen farko suka bari. Galibinsu shanu ne, galibi kuma da jan launi. Wata saniyar an cike jikinta duka da launi, wata kuwa layin jikinta kawai aka ja aka bar cikin. Mai duban gaggawa zai ce aikin yara ne. Amma wanda ya saba da garke, in ya tsaya ya ƙura ido, zai gane hannun makiyayi ne. Mai zanen bai ɓata lokacinsa a kan itatuwa ko sararin sama ko ƙasar da dabbar ta taka ba. Ƙaho da gadon baya su ne suka dame shi, su ne kuwa abin da Bafillace yake fara dubawa har gobe in zai bambance saniyarsa da ta wani.

A gadon bayan nan babbar shaida take. Shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu ba su da tozo. Wasu dogayen ƙahoni gare su, wasu gajeru, amma bayansu a miƙe yake. Shanun da ke kiwo a gindin duwatsun a yau kuwa, ko bunaji ne, ko rahaji, ko bokolo, duk masu tozo ne. Marasa tozo sai an nemi muturu a kurmi da wasu tsaunuka, ko shanun kuri na bakin tafkin Cadi. An kuma san muturu da jure cizon ƙudan tsando, wanda ke kashe mai tozo. Saboda haka zanen yana gaya mana cewa an yi wani zamani da wasu irin shanu dabam suke yawo a nan, a cikin dajin da ya fi na yanzu duhu, kafin masu tozo su mamaye ƙasar. Irin wannan zane yana nan a Shira da Geji cikin Jihar Bauci, abin da ke nuna duk yankin tsaunukan nan ƙasa ɗaya ce tun ba a san iyakar jiha ko ta masarauta ba.

Wanda ya fi kowa rubutu a kan wurin shi ne Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, daga baya ya shugabanci ma'aikatar kayan tarihi ta Nijeriya. A 1955, yana cikin binciken zanen, ya lura da wasu duwatsu a kusa da kogwannin waɗanda jikinsu ya yi gurabe masu sulɓi saboda yawan bugu. Da aka ƙwanƙwasa su da ɗan dutse sai suka yi amo irin na kuge, kowane gurbi da muryarsa. Ya buga labarin a 1956, daga nan masana suka shiga neman irin waɗannan duwatsun kiɗa a sauran sassan Afirka da wajenta, suka kuwa same su da yawa. Matarsa Catherine Fagg ta tattara abin da aka samu a littafi guda a 1997.

Tilas a yaba wa Fagg a kan abu ɗaya: bai raba dutsen da mutanen gari ba. Ya rubuta cewa a zamanin da ya zo, kogon zane da duwatsun kiɗa suna da hannu a cikin al'adun aure na garin, har amare sukan je can lokacin bikinsu. Wannan magana ita ce mafi daraja a cikin rubutunsa, ita ce kuma waɗanda suka biyo baya suka fi sakaci da ita. Abin da aka fi maimaitawa a takardun talla da jawaban buɗe taro shi ne wai an “gano” zanen a shekarun 1950. Kalmar nan tana bukatar gyara. Ana gano abin da ya ɓace ne. Wurin da 'yan mata suke rakiyar amarya, yara suke wasan zamiya a kan santsin dutsensa, yaushe ya ɓace har da za a gano shi? Abin da ya faru shi ne an shigar da shi takarda, cikin harshen da masu wurin ba sa ji.

Bayan takarda sai doka. Dokar kayan tarihi ta 1953, da ta 1979 wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, su suka ba da ikon a sa wuri cikin jerin abubuwan da gwamnati ke karewa. Duwatsun Birnin Kudu sun shiga jerin, hukumar kuma tana da cibiya a garin don yi wa baƙi bayanin zanen. Ba na raina wannan. Masu fasa dutse su sayar da tsakuwa, da hayaƙin mafarauta, da yaro mai gawayi da ke son rubuta sunansa, su ne ajalin irin waɗannan wurare ko'ina, shinge da mai gadi kuwa suna rage ɓarna. Amma shingen ya koya wa mutane wani karatu da ba a yi nufi ba. Ya nuna musu cewa tarihi shi ne abin da ba shi da mai shi, abin da gwamnati ta kafa wa allo, abin da baƙo ke zuwa da mota ya ɗauki hoto ya tafi. Ɗakin kakarka da ke tsakar gidanku bai shiga lissafi ba.

To, mu sauko daga dutse mu shiga gari. Sunan garin kansa shaida ne, don Bahaushe ba ya ce wa wuri birni sai in yana da ganuwa. Haka nan sunaye irin su Kafin Gana a ƙasar Birnin Kudu, ko Kafin Madaki a ƙasar Bauci, suna tuna mana da kafi, watau shingen itace da ake kafawa don tsaron ƙauye. Dalilin wannan tsaro sananne ne. Wajen 1846 Malam Hamza ya bar Tsakuwa ta ƙasar Kano da jama'arsa saboda rigimar haraji, ya shiga tsaunukan Ningi, ya haɗa kai da Butawa da Warjawa da Fa'awa. Daga nan har zuwan Turawa a farkon ƙarni na 20, hare-haren Ningawa ba su bar kudancin Kano ya yi barci da ido biyu a rufe ba. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, ya sha fama da su. Birnin Kudu da Gwaram suna bakin wannan iyaka, su ne masu karɓar bugun farko.

Wannan tsoro shi ya zana tsohon gari. Gidaje a cunkushe, lunguna matsattsu masu kwana-kwana, rumbuna a cikin gida maimakon bakin gona, rijiya da kududdufi a cikin ganuwa. Da Turawa suka ci Kano a 1903 hare-hare suka mutu, sai mutane suka soma fita suna kafa unguwanni kusa da gonakinsu. Daga baya hanyar mota ta zo ta ja kasuwa da tasha da ofis zuwa bakinta. Wanda yake son ganin wannan a fili ya je Gwaram, inda har sunan gari ya rabu biyu, akwai Tsohuwar Gwaram akwai Sabuwa. Ɗalibin da ya auna faɗin lungu a tsohon gari, ya auna faɗin layi a sabo, ya tambayi dattawa dalilin bambancin, ya karanta tarihin shekara 150 ba tare da ya buɗe littafi ba. Ganuwar ƙasa kuwa, in an daina yi mata aikin gayya, damina ce ke cin rabinta, masu ɗibar ƙasar gini su cinye sauran. Ta Kano ma, da duk sunanta, haka ta sha.

A nan ne nake da ƙorafi a kan littattafan da aka rubuta game da ginin Hausawa. Suna da kyau, wasunsu ma ba a yi kamarsu ba. Kirk-Greene ya yi rubutu a kan adon bangon gidajen Zariya a 1963. Schwerdtfeger ya kwatanta gidajen Zariya da na Ibadan da na Marakish a 1982, ya nuna yadda gidan Bahaushe yake girma yana raguwa bisa ga aure da haihuwa da mutuwa. Hamman Tukur Sa'ad ya yi digirinsa na uku a 1981 a kan magina da ma'aunin kyau a wurinsu. Moughtin ya fitar da nasa littafin a 1985. Dmochowski, mutumin Foland, ya shekara da shekaru yana auna gine-gine, ya kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos, aka buga aikinsa a 1990 bayan rasuwarsa. Amma mai karatu ya lura da inda idanunsu suka fi sauka: Kano, Zariya, Katsina, Daura, fada da masallacin Juma'a da gidan attajiri. Gwarzonsu shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, ya kuwa cancanta. Ko da doka ta kai hannu ƙaramin gari, kamar yadda ta yi a Kafin Madaki a shekarun 1950, gidan basarake ta ɗauka. Ɗakin kago mai jinka, da adada, da dangar kara, da rumbun da ke tsaye bisa duwatsu don gudun gara da danshi, waɗanda su ne matsugunin mafi yawan talakawan karkara, sun sami shafi kaɗan ƙwarai. Bukkar Bafillace da gidan Bawarje, waɗanda ke maƙwabtaka da gidan Bahaushe a ƙasar Birnin Kudu, ba su ma shiga wannan lissafi ba.

Ga kuwa ilmi jibge a cikin ginin ƙaramin gari. Magini ba ya ɗibar kowace ƙasa. Yakan nemi jar ƙasa mai birji, a kwaɓa ta da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana ta ruɓa kafin a taɓa ta. Tubali da hannu ake cura shi, mai gindi da tsini, a shanya a rana, a jera shi tsini sama a bi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan yi kauri a ƙasa ya riƙa sirancewa yana hawa, don nauyinsa ya zauna a kan gindinsa. Azara daga giginya ake tsaga ta, saboda gara ba ta cin ta, amma ba ta ɗaukar nauyin rufi in tazara ta wuce kamar ƙafa 6. Wannan ƙarancin tsawo shi ya haifi duk dabarar rufin soro. Mai son ɗaki mai faɗi tilas ya kafa ginshiƙi, ko ya ɗaura azara bisa azara tana turowa daki-daki daga bango biyu har su haɗu a sama, a lulluɓe da ƙasa, shi ne bakan gizo. In bakuna suka gitta juna a tsakiya aka sami ɗaurin guga. Ashe abin da baƙo yake gani ado, asalinsa maganin gajartar itace ne. Sa'an nan ga makuba, daga ɓawon ɗorawa, wadda ake yaɓe da daɓe da ita don ruwa ya zame. Ga laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Dubi yadda rufin ɗaki ɗaya ya tara magini da marini da majemi da mai hawan giginya. Ranar da marina ta mutu a gari, laso ya bi ta, ko da magini yana raye.

Amma fa kada a ɗauka ina cikin masu kukan a koma jiya. Mutumin birni da ke kwana ƙarƙashin silin da fanka, ya zo ƙauye yana yaba sanyin soro, ya kamata ya zo cikin Agusta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, yaɓe yana son hannuwa, samarin da za su yi gayya kuwa suna Kano da Legas da Abuja wajen ci-rani. Giginya ta yi ƙaranci, ba kuma itaciyar da za ka shuka bana ka tsaga baɗi ba ce. Daminar 2022, wadda ambaliyarta ta ci rayuka da gonaki da gidaje masu yawa a Jihar Jigawa, ta nuna abin da bangon ƙasa yake yi in ruwa ya kwanta a gindinsa. Tsohuwar da ta ce wa ɗanta ya yi mata ɗakin bulo da kwano ba jahilci ne ya sa ta ba, tana gudun ɗaki ya rufta mata ne cikin dare.

Abin da ya kamata a tambaya shi ne, wane irin ginin ƙasa ne yake faɗuwa? Sau da yawa za a tarar ba irin na magina ba ne. Bulon ƙasa ne na maƙera, siriri, da aka jera ba tushe, a kan fulotin da aka yanka a hanyar ruwa, aka ɗora masa kwano marar baki, sa'an nan aka shafe shi da siminti. Siminti da ƙasa ba sa ɗaurin aure. Ruwa yakan shiga ta tsaga ya maƙale a tsakani, ƙasa ta jiƙe a ɓoye, wata rana sai ka ga filasta ta ɓare kamar ɓawon gyaɗa ta tafi da rabin bango. An bar tsohuwar dabara, ba a kai ga kuɗin sabuwa ba, aka zauna a tsakiya, inda ba sanyin soro ba ƙarfin bulo. Cikin Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, ɗakin kwano marar silin ba ya shiguwa da rana, sai kowa ya koma gindin bishiya.

Gidajen da gwamnati ke ginawa ma ba su warware matsalar ba. Shirin gidaje masu sauƙin kuɗi na zamanin Shagari, daga 1979 zuwa 1983, ya ƙudura gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, da fasali kusan iri ɗaya daga bakin teku har bakin hamada. Mai zanen bai san zaure ba. Zaure kuwa a gidan Bahaushe shi ne wurin saukar baƙo, da karatun allo, da ɗinki, da sulhu, shi ne kuma ke tsare mutuncin cikin gida, don daga shi sai shigifa, daga shigifa sai inda namiji baƙo ba ya wucewa. Gidan da ƙofarsa ta buɗe kai tsaye cikin falo ya rushe wannan tsari tun a takarda. Shi ya sa duk inda aka raba irin gidajen nan a ƙasar Hausa, abu na farko da mai gida yake yi shi ne ya ja katanga, ya maƙala wani ɗan ɗaki a bakin ƙofa. Tun ran gini tun ran zane: da an tambayi magini ɗaya na Gwaram kafin a ja layi, da an huta.

Wanda ke shakkar ƙaramin gari zai iya fitar da gwani, ya dubi Yama, wani ƙauye a yankin Tawa ta Jamhuriyar Nijar. A 1962 mutanen garin suka sa magininsu, Falke Barmu, manomi kamar kowa, ya gina musu masallacin Juma'a da ƙasa da itace, kowa ya kawo abin da yake iyawa, mai ɗibar ruwa da mai kwaɓa da mai ba da hatsi. Daga baya ya ƙara masa bakuna da hasumiyoyi, a 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine. Ba hukumar da ta kewaye shi da waya. Yana tsaye ne don masu salla a cikinsa suna yaɓe shi.

Ga masu karanta wannan mujalla, asarar da ta fi kusa da mu ta harshe ce. Bargery ya tara kalmomin gini da yawa a ƙamusunsa na 1934, ƙamusun Jami'ar Bayero na 2006 ma ya adana nasa. Amma ƙamus ma'ana yake bayarwa, ba ya ba da hannu. Zai gaya maka indararo shi ne mazurarin ruwan soro, ba zai gaya maka tsawon da za a ba shi don kada ruwa ya ci gindin bango ba. Yau akwai ɗaliban da suka san zanko a jikin tambarin gwamnati da bangon otal, ba su taɓa jin amfaninsa a bakin magini ba. Ga shi kuwa Hausar wannan yanki tana gogayya da Fillanci da Warjanci, ta kuma karkata wajen Hausar Bauci da Guddiri, don haka sunayen sassan ɗaki da na rumbu da na kayan aiki a Sara ko Fagam ko Basirka ba lalle su zo daidai da na Kano ba.

Aikin ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Jigawa tana da jami'ar tarayya a Dutse tun 2011, da ta jiha a Kafin Hausa tun 2013. Ɗalibi ɗaya na harshe ko na tarihi, da igiyar awo da na'urar ɗaukar magana, zai iya zaɓar gida guda a Tsohuwar Gwaram ya zana fasalinsa, ya rubuta wanda ya gina kowane ɗaki da dalilin gina shi, ya zauna da magini ya karɓi sunan kowane abu da yadda ake yin sa. Wani ya bi sawun ganuwar Birnin Kudu da dattawa, su nuna masa inda kowace ƙofa take da sunanta. Wata kuma, don wannan aikin mace ce za ta iya shi, ta shiga cikin gida wurin tsofaffi ta tambayi abin da amare suke yi a kogon zane, da wanda yake buga dutsen, da abin da dutsen yake cewa. Yarinyar da aka raka can tana amarya a shekarar da Fagg ya zo, in tana raye, yau ta haura shekara 80.